Wuƙa Ta Uku

Talata, da hantsi

Na hura wuta, ban sa komai a ciki ba. Gawayin ya ci kansa ya gama.

Bari in rubuta maganar wuƙaƙen nan kafin ta rikice min. Mahaucin bakin layinmu, wanda muke ce wa Dogo, ya gaji da wuƙar kanti, ya ce in ƙera masa na aiki, shi da abokan sana'arsa, amma in zaɓo ƙarfen da ya fi. Na ce ba ni zan zaɓa ba, nama ne zai zaɓa. Sai na ƙera guda uku, tsayinsu ɗaya, ƙota iri ɗaya, tambarina a gindin kowace, don kada ido ya rinjaye shi. Ɗaya daga sifirin mota, ɗaya daga zoben boris na ƙafar mota, ɗaya daga tsohon magagari. Sifirin da boris ƙanena Auta ne ya kawo min daga garejin da yake aiki. Magagarin nawa ne, haƙoransa sun cinye.

Sifirin ƙarfe ne mai haƙuri. Ka dake shi yadda ka ga dama, ka tsoma shi a baƙin mai da zafinsa, ba ya tsagewa. Yana lanƙwasawa ya dawo. Aibinsa ɗaya, kaifin ba ya daɗewa, sai ana yi ana wasawa. Boris taurin kai gare shi, sai ya sha maka kafaɗa kafin ya miƙe, in kuma wuta ta yi masa yawa ya lalace bai nuna maka ba. Amma in ya yarda da kai, sai ka manta yaushe rabonka da wasawa. Magagari ya fi su duka kaifi. Ya kuma fi su saurin karyewa.

Ranar Asabar Dogo ya dawo min da ta magagarin. Ya sari ƙashi da ita, bakin ya yi giɓi. Ya ce, "Wannan taka ta fiye zuciya, maƙeri, riƙe abarka." Na ɗora ta a kan katakon da ke saman uwar maƙera.

Auta bai kwana a gida ba. Umma ta ce abincinsa na nan a rufe.

Tela, abokinsa tun suna yara, yana asibiti. Jiya da magariba aka tsince shi a lungun bayan rumfar nama, cikin jini.

Talata, da yamma

Na duba kan katakon. Na sake dubawa. Na share shagon kaf, har ƙarƙashin buhunan gawayi. Mai walda na kusa da ni ya leƙo ya ce ko surukaina ne za su zo duba aiki. Na yi masa dariya.

Ba ta nan.

Laraba, bayan azahar

Ɗan sanda ya zo. Sajan ne, mai furfura a gefen kai, ba shi da hayaniya. Ya yi sallama, ya tambayi aiki, sannan ya ciro leda daga jakarsa ya ɗaga min.

"Wannan tambarin naka ne?"

"Nawa ne, yallaɓai."

"Wa ka sayar wa?"

"Ban sayar ba. Guda uku na ƙera, na ba Dogo mahauci ya gwada."

Ya rubuta. Ya ce ya gode. Ya share gumi ya ce zafin shagon nan sai mu.

Ko ta cikin ledar na ga giɓin. Bai ƙara tambayata komai ba, ni ma ban ƙara komai ba. Babu kalmar ƙarya ko ɗaya a abin da na gaya masa. Na yi ta maimaita maganar a raina har na rufe shago. Babu.

Alhamis, da safe

Sun tafi da Dogo. Biyu ya nuna musu, suka ce ina ta uku.

Alhamis, da yamma

Rumfar nama a rufe. Wani ya rufe teburin da kwali, ƙudaje na ta yawo a kai ba su san an tashi ba.

Na yanko guntun sifirin, guntun boris, da ragowar magagarin, na kara kowanne a injin wasawa don in ga tartsatsinsa. Na sifirin dogo ne, rassansa kaɗan. Na boris gajere, ja-ja. Na magagari kuwa yana fashewa a ƙarshe kamar ana watsa gishiri a wuta. Abin da na sani ne tun ina koyon aiki. Na yi ta yi dai har guntayen suka ƙare a hannuna.

Juma'a, bayan la'asar

Na shiga gaida Umma. Tana zaune bakin gado da waya a cinya. Wayar Auta a kashe take tun ranar, amma tana kira, ta saurari muryar matar nan mai cewa ba a samu, ta kashe, ta sake kira.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Babba, an ce 'yan sanda sun je wajenka."

"Sun je, Umma."

"Me ka ce musu?"

"Abin da suka tambaya."

Ta gyara ɗankwalinta. Ta ce, "To. Ka tsaya a nan. Ban ce ka yi ƙarya ba, ban taɓa sa ka ƙarya ba. Ka bari Tela ya farka, shi zai faɗi abin da ya faru. Ƙila ma ba yadda muke zato ba ne."

Ban tambaye ta mene ne muke zato ba. Ba mu taɓa faɗinsa ba, ni da ita.

Na ce mata Dogo yana tsare a bayan kanta, wajen 'yan sanda. Ta ce Allah zai fid da shi, ai mai gaskiya ba ya daɗewa. Ta sake danna wayar.

Asabar, da safe

Na hura wuta. Na kashe.

Lahadi, da rana

Na gano inda na yi kuskure a ta magagarin. Bayan an tsoma ƙarfe a mai ya yi tauri, sai an sake ɗumama shi a hankali ya saki jiki, har launinsa ya koma kamar busasshen kara. Na sifirin na bar shi ya wuce haka, ya soma shuɗi. Na magagarin kuwa na yi saurin cire shi, don ina son Dogo ya ga kaifi ya yi mamaki. Shi ya sa ta kasa jure ƙashi. Da na yi haƙuri kaɗan da ba ta yi giɓi ba. Da ba ta yi giɓi ba da tana wajen Dogo.

Na ƙera wata ƙarama daga wani magagarin, na ɗumama ta yadda ya kamata, na sari ƙusa da ita. Ko giɓi ba ta yi ba. Na jefa ta cikin bokitin tarkace.

Litinin, da hantsi

Sajan ya aiko. Dogo ya ce musu ya dawo min da wuƙar tun Asabar ɗin can, suna son in je in tabbatar ko in ƙaryata. Na ce wa ɗan aiken zazzaɓi nake, zan zo in na ji sauƙi.

Da ya tafi na taɓa goshina. Da zafi kuwa. To, ina gaban wuta.

Litinin, da yamma

Uwar yara ta ajiye min abinci, ta tsaya a kaina ba ta tafi ba.

"Baban yara, gishiri ya ji?"

"Ya ji."

"Ban sa ba. Mantawa na yi, sai da na ci nawa na sani."

Na ce to. Ta ɗauke kwanon, ta dawo da shi, na ci gaba. Duk ɗaya na ji.

Talata, bayan azahar

Na je asibiti. Ɗaki ne mai gadaje da yawa, fanka ɗaya na juyawa, ɗaya ta tsaya. Tela yana can ƙarshe, roba a hanci, roba a hannu, an naɗe masa ciki da damtsen dama. Bai farka ba. Fuskarsa ta ƙanƙance, sai ya koma kamar lokacin da yake zuwa gidanmu shi da Auta su cinye min abinci su gudu.

Mahaifiyarsa ta miƙe ta ba ni kujerarta, na ƙi zama, ta matsa. Ta yi ta godiya. Ta ce likita ya ce ya zubar da jini da yawa kafin a same shi, sai addu'a.

Sai ta ce, "Ina ɗana Auta? Ban gan shi ba. Na dai san shi, ba zai iya ganin ɗan'uwansa a haka ba ne. Ka ce masa ya zo, ba komai, ko daga bakin ƙofa ya tsaya."

Na ce zan gaya masa.

A hanyar dawowa na tsaya wajen masu tarkacen mota ina juya sifirin. Mai kayan ya ce wanne zan ɗauka. Na ce duba kawai nake.

Laraba, da safe

Boris yana tsatsa da wuri. Na manta ban rubuta wannan ba. In aka bar shi da danshin nama ya kwana, da safe sai a ga ɗigo-ɗigo ja. Sifirin ma yana yi, amma ba kamarsa ba. Mahauci sai ya riƙa gogewa yana shafa kitse. Wannan ma abin dubawa ne.

Laraba, bayan la'asar

Matar Dogo ta zo shago. Ban taɓa ganinta a nan ba. Ta tsaya daga waje, goyo a baya, ta gaishe ni har da tambayar jiki, don ta ji an ce ba ni da lafiya.

Na ce da sauƙi.

Ta ce, "Jiya suka bar ni na gan shi. Ƙafafunsa sun kumbura, ba wajen miƙewa a ciki. Na ce zan zo in roƙe ka, ya ce kar in kuskura. Ya ce maƙeri ba sai an roƙe shi ba, yana jin sauƙi zai zo da kansa. Ni dai na kasa zama ne, Malam. Ka yi haƙuri. Kar ka gaya masa na zo."

Na ce ba zan gaya masa ba.

Ta tsaya kaɗan tana jira ko zan ƙara wani abu. Ina riƙe da awartaki, babu komai a bakinsa. Ta ce a huta lafiya.

Mai walda yana jinmu. Da ta tafi bai leƙo ba, bai yi wasa ba. Ya kunna injinsa kawai.

Alhamis, da safe

Ban fita ba.

Alhamis, da rana

Ina kwance uwar yara ta shigo ta rufe ƙofa. Ta zauna a ƙasa ta jingina da gado, ta ba ni baya.

Ta ce, "Ni na wanke rigar da ka saka ranar Asabar ɗin nan. Na ji kana gaya wa mai walda a waya cewa Dogo ya dawo da ɗaya. Ina tsakar gida ina jinka, har kana dariya."

Ta ci gaba, ba ta juyo ba.

"Ban gaya wa kowa ba. Ba kuma zan faɗa ba, ba bakina ba ne. Amma babbar 'yarka ajinsu ɗaya da 'yar Dogo. Jiya ta dawo ta ce min an daina zama kusa da yarinyar, ana ce mata 'yar mai kisa. Ta ce, Mama, ni in zauna kusa da ita ko kar in zauna? Me zan ce mata?"

Na ce, "Umma ta ce a jira."

"Na sani. Umma uwa ce. Ni ma da nawa ne haka zan ce."

Ta tashi ta fita. Ta bar ƙofar a buɗe.

Juma'a, da hantsi

Wata baƙuwar lamba ta kira. Na ɗauka, shiru, sai ƙarar motoci daga nesa.

"Yaya."

Na fita bayan shago.

"Ya farka?"

"Bai farka ba."

Na ji numfashinsa. Na ce, "Kana ina?" Ya ƙi faɗa. Na ce, "Sun kama Dogo. Yana ciki tun makon jiya." Ya ce ya ji. Na ce, "Ka dawo, Auta." Ya ce, "Umma fa?" Na ce tana nan tana kiran wayarka.

Ya ce, "Yaya, ni ban..." sai ya tsaya. Na jira. Layin ya katse.

Na kira lambar, wani mutum ya ɗauka ya ce shi mai shago ne, wani ne ya ari wayarsa, ya tafi.

Ban gaya wa Umma ba. Na koma ciki na karya guntun boris a bakin uwar maƙera don in ga cikinsa. Sumul, kamar toka. Haka ake so. In ya yi tsakuwa-tsakuwa kamar yashi, wuta ta yi masa yawa. Na karya wani. Shi ma sumul.

Asabar, bayan azahar

Na je.

Ban shirya ba. Na fito ne zan sayo gawayi, da buhun a hannuna, sai na ga na wuce mai gawayin. Sajan yana cin abinci a teburinsa, ya ture kwanon ya ce jiki ya yi sauƙi ke nan. Ya sa aka kawo wuƙaƙen duka uku, ya jera su.

Na nuna ta farko na ce wannan sifirin ce. Ta biyu boris. Ta cikin ledar na ce magagari ce, in ya duba kusa da ƙota zai ga sauran layin haƙoran, ban goge su duka ba. Ya ɗaga ya duba ya ce ya gani. Na soma yi masa bayanin ɗumamawa da launin kara. Ya bar ni na yi ta yi. Da na rasa abin faɗi ya ce, "Malam, ya dawo maka da ita ko bai dawo ba?"

"Ya dawo da ita. Ranar Asabar. Giɓin nan shi ya yi shi a ƙashi."

"A ina ka ajiye?"

"A shago."

"Wa ke da mukulli?"

"Ni."

Yana kallona.

"Da ƙanena."

Ya rubuta. Ya tambayi inda yake aiki, na faɗa. Ya tambayi yaushe rabona da shi, na faɗa, har kiran jiya. Ya ce me ya sa ban faɗi haka tun zuwansa na farko ba. Na ce bai tambaya ba. Ya ajiye biro ya dube ni, ya ɗauka ya ci gaba.

Na dawo da buhun ba gawayi.

Asabar, da yamma

Na gaya wa Umma. A tsaye na faɗa, daga bakin ƙofa. Ta saurara har ƙarshe. Ta ajiye wayar a gefen filo, ta kwanta, ta juya fuskarta bango.

Na ce, "Umma." Na sake cewa.

Uwar yara ta zo ta ja hannuna.

Lahadi

Ba ta amsa gaisuwata ba.

Litinin, da hantsi

An saki Dogo. Na hango shi daga shago, yana tafiya a hankali, takalmin a hannu don ƙafar ba ta shiga. Mutanen layi sun fito suna yi masa barka. Ban fita ba. Na kama buga wani ƙarfe da bai ma yi ja ba.

Talata, da safe

Auta ya dawo.

Ina tsakar gida ina ɗaura takalmi ya turo ƙofa. Ya rame, gemu ya fito masa, rigar da ya fita da ita ce a jikinsa. Umma ta fito, ba ta yi kuka ba. Ta kama hannunsa ta zaunar da shi, ta zubo ruwa, ta kawo abinci, ta zauna tana kallonsa yana ci. Ya cinye tas. Ta ƙaro masa.

Da ya wanke hannu ya ce, "Yaya, ka raka ni."

Umma ta riƙe gefen rigarsa. Ya durƙusa ya ce, "Umma, na gaji da gudu. Ko barci ba na yi." Ya zare yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

A hanya na tambaye shi abin da ya haɗa su. Ya ce bai je da niyya ba. Na ce amma ka ɗauki wuƙa. Muka wuce shagon mai aski, muka wuce famfo, sannan ya ce, "Na ɗauka." Iyakar abin da na samu ke nan.

Kusa da ofishin ya tsaya ya ciro mukullin shago ya ba ni. Ya ce akwai wani sifirin babbar mota da ya ajiye min a gareji, bayan tayoyi, in je in karɓa kafin a sayar. Na ce to.

Sajan ya ba shi kujera. Ni aka ce in tafi.

Laraba, da rana

Na hura wuta. Na yi aiki. Fartanya biyu, da ƙofar wani da ta karye.

Alhamis, bayan la'asar

Dogo ya buɗe rumfa. Na wanke hannu na je. Yana yanka da wuƙar kanti, irin mai farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, wadda kullum yake zagi. Na yi masa barka. Ya amsa, ya tambayi iyali, ya tambayi Umma. Ya sallami mai saye, sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ina ciki ina ce musu, ku bari maƙeri ya zo. Kullum. Har suka sa min suna Maƙeri-Ya-Zo."

Na ce, "Dogo, ka yafe ni."

"Na yafe. Ƙanenka ne, na sani. Ƙila ni ma haka zan yi." Ya kara wuƙar a dutse. "Ta boris ta fi, in kana son sani. Ta sifirin ba ta da laifi, amma ta boris na yi kwanaki ban wasa ba. Ita zan ce ka yi mana."

Na ce zan fara gobe.

Ya ce, "A'a. Bar shi. Wannan ma tana yanka."

Ya yanko tsoka ya naɗe a takarda ya ce in kai wa Umma. Na karɓa.

Juma'a, da safe

Boris ke nan. Na rubuta dai don a san an gama.

Lahadi, bayan azahar

Tela ya farka tun shekaranjiya. Yau na samu ƙarfin zuwa. Mahaifiyarsa na ganina ta ɗauki buta ta fita, ba ta dawo ba har na tafi.

Yana magana a hankali. Hannun dama ba ya jin yatsu uku, likita ya ce ƙila su dawo, ƙila ba za su dawo ba. Ya ɗaga hannun da na hagu ya nuna min, kamar kayan wani.

Na ce masa ni na ƙera ta. Ya ce ya sani, ya ga tambarin kafin ya faɗi. Na ce me ya haɗa ku da Auta. Ya kalli fankar da ba ta juyawa ya ce, "Tsakaninmu ne, Yaya." Haka ya gaya wa sajan ma, an ce.

Da zan tafi ya ce, "Suna dukansa?"

Na ce ban ga alama ba.

Ya ce, "Ba ya iya cin abu mai yaji. A gaya musu."

Talata

An mayar da Auta gidan yari, zai jira shari'a. Ba a sa rana ba tukuna.

Umma tana magana da uwar yara, tana magana da jikokinta, har da kazar maƙwabta da ke shigo mana. In na shigo sai ta sami abin yi a ɗaki. Kullum ina gaishe ta safe da yamma. Ina jin muryata tana zuwa bakin labule ta tsaya.

Alhamis, da hantsi

Na je gareji na karɓo sifirin. Mai kauri ne, ƙarfe mai kyau, ba tsaga ko ɗaya. Maigidansu ya taimaka min muka ɗora a baro, bai tambaye ni komai ba. Na jingina shi a bayan shago. Ban san me zan yi da shi ba.

Babbar 'yata ta ce sun koma zama benci ɗaya da 'yar Dogo. Ta ce yarinyar ta ara mata magogi.

Asabar, da yamma

Yau aka ba da izinin ziyara.

Tun safe Umma ta shiga girki da kanta, ta hana kowa taɓa tukunyar. Ta zuba a babbar kular nan, ta ɗaure da ɗankwali, ta yafa mayafi ta fita. Ba ta ce in zo ba, ba ta ce kar in zo ba. Uwar yara ta miƙo min hula ta ce, "Tsayuwar me kake yi?"

Na same ta a bakin titi. Muka shiga mota ɗaya, ita a gaba, ni a baya. Ba ta waiwayo ba.

Motar ba ta kaiwa ƙofar gidan yarin. Daga inda ake sauka sai an yi tafiya mai nisa a gefen katanga, ba inuwa, rana ta take. Mata da yawa suna tafiya da kuloli da ledoji, kowa kansa a ƙasa. Umma tana gaba, ina binta a baya. Gwiwarta na damunta, ina gani. Ta mayar da kular hannun hagu. Ta dawo da ita dama. Ta ɗora a ka, ta sauke. Na matsa kusa, na kasa miƙa hannu.

Wajen rabin katangar ta tsaya tana haki. Ba ta juyo ba. Ta miƙo kular ta baya.

"Riƙe, Babba. Hannuna ya gaji."

Na karɓa. Muka ci gaba da tafiya, tana gaba ina baya, har bakin ƙofa.